Baba, Birkin Motarka Ya Daina Rawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi Direba.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, na ɗauki biro ne ina sane da cewa wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Duk direbobin tashar Kankara babu mai bin wannan hanya ya dawo, balle in ba shi saƙo. Ko da ma akwai, ai na san halinka. Da karɓa za ka yi, ka juya ta gaba da baya, ka cusa a aljihun gaban riga, sannan ka ce wa Inna a gaya wa yaron nan saƙonsa ya iso. To yau babu ɗan aike tsakanina da kai. Ni da kaina zan faɗa, sai ka yi haƙuri da rashin kunyata.

Mutanen gida duk lafiya. Inna ta fita takaba, ta ɗan rame, amma ta fara dariya in ƙanwata Zulai ta yi shirmenta. 'Yar uwarta Rabi ta ci jarrabawarta, sai dai har yanzu in ta dama kunu sai ka tauna gudaji. Masarar gonar bakin rafi ta yi kyau, dawar ma ba laifi. Gonar nesa ce ba mu taɓa ba bana, ka san yadda dajin ya zama, ba mai son a gan shi can shi kaɗai. A tasha kuwa, in layi ya zo kaina, har gobe 'yan kamasho ɗaga murya suke yi su ce motar Malam Idi ce a kan layi. Ban taɓa gyara musu ba.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba. Maganar Iya ce, mahaifiyarka, da maganar birkin motarka. Ban taɓa zaton abubuwan nan biyu za su haɗu ba, sai ga shi sun haɗu har sun kusa raba mu da tsohuwar.

Ba ka sani ba, Iya ba ta samu jana'izarka ba. Ka cika da hantsi, aka yi maka sutura kafin la'asar a nan Kankara yadda addini ya ce, ga shi ranar waya ta ƙi shiga Tafoki sam. Sai ɗan acaɓa aka tura, kafin ya isa har mutane sun dawo daga maƙabarta. Da ta zo washegari ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tabarmar Inna, ta tambaya ina aka sa ka, aka faɗa mata, ta gyaɗa kai. Abu ɗaya kawai ta ce, wai ita ta so a kai Nomau gida, kusa da ubansa, gindin kukar nan ta bayan gari inda mutanenmu na da suke kwance. Har yau Nomau take ce maka. Idi, in ji ta, suna ne da ka tsinto a birni. Ba ta taɓa riƙe ka a zuci don ka musulunta ba, kai ma ba ka taɓa tsangwamar ta a kan al'adar iyayenta ba, don haka muka ɗauka maganar ta wuce a nan.

Ita kuwa motar, tun ranar da ka dawo daga kasuwar Sabuwa da ciwon kan nan ka ajiye ta gindin bedi, darbejiyar nan ta ƙofar gida, ba ta sake motsawa ba. Liman ya ce dukiyar magada ce, akwai haƙƙin marayu a ciki, kada kowa ya hau sai an raba gado. Rabon kuma aka ce sai Inna ta fita takaba an kawar da amfanin gona. Haka ta cinye damina ɗungurungum a tsaye. Nakan tayar da injin jifa-jifa don kada batir ya mutu, amma ban taɓa sa mata giya ba.

Inna ba ta fita, amma daga tsakar gida tana hango bayan motar ta ƙofar zaure, kuma ranta ba ya jure ganin kashin tsuntsu ko 'ya'yan bedi a jikinta. Duk Juma'a sai ta tura Rabi da Zulai da bokiti da sabulu, ta ce a wanke ta yadda kake wanke ta, har cikin tayoyi. Su kuma da zuciya ɗaya suke kwara ruwa ta ramukan wili, sai sun ga ya fito fes ta ɗaya gefen. Sama na zuba nata ruwan, 'ya'yanka na zuba nasu. Wa zai hana su? Ni kaina na sha ɗebo musu ruwan daga rijiya.

Da aka zo rabo, motar ta faɗo a kasona da na Inna, aka yarda in ci gaba da bin hanyarka ranakun kasuwa in riƙe gida da ita. Na ce tafiyata ta farko ba fasinja zan ɗauka ba, Iya zan ɗauko ta zo ta ga Inna. Ka san ni da Iya. Tun da aka yaye ni ka kai ni wurinta, a bayanta na girma, har yau kuma angonta take ce mini, tana mini gorin wai ta yi rashin sa'a ta auri miji marar ko keke. Ranar na sa sabuwar hula na ce bari in je in rufe mata baki.

Tun a hanyar zuwa na ji abin. In ina tafiya, lafiya lau, ba ƙara ba girgiza. Da na ɗora ƙafa a birki sai ya riƙa turo mini tafin ƙafa, ya saki, ya turo, ya saki, sitiyari na karkarwa a hannuna. In da gudu na taka, abin ya zo da sauri-sauri. In ta kusa tsayawa sai ya koma a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har mota ta riƙa ɗan dungure da kai. Na ce a raina dogon zama ne, za ta ware.

Iya ta shiga gaba tana tsiya, wai angon nata ya ari motar mutane ya zo yi mata burga. Muna gangarawa wajen mararrabar Daudawa sai ga shanu sun cika hanya, na taka birki da ɗan ƙarfi, motar ta kama rawarta. Iya ta gyara zama. Ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan dashbod, ba ta ɗauke ba. Duk inda na rage gudu ina ganin ta da gefen ido tana sauraro da hannun nan. Kafin mu shigo Kankara tsiyar ta ƙare, ko goron da na saya mata ba ta ɓara ba.

A ɗakin Inna ta faɗi abin da ke ranta. Wai Nomau bai kwanta ba. Yana cikin motarsa, kuma duk inda aka ce ta tsaya sai ya girgiza ta, don ba a nan ya so a tsayar da shi ba, gida yake son zuwa. Na ce mata ai a ƙofar gidanta ma a Tafoki sai da ta yi wannan rawar. Ta ce to da fa, mutum ya zo har ƙofar uwarsa an hana shi shiga, ba dole ya jijjiga ba? Inna ta yi ta ba ta baki, liman ma ya yi mata magana mai daɗi. Ta saurare su duka da ladabi, ta yi godiya, ba ta ɗauki ko ɗaya ba.

Da ta koma Tafoki sai ta daina cin tuwo. Gwaggo Lami, ƙanwarka da ke zaune da ita, ita ta kira ni tana kuka, ta ce kunu kaɗai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. In an matsa mata sai ta ce ita ba za ta cika ciki ba ɗanta na tsaye a waje, kuma in ya kasa kwanciya ita za ta je ta kwantar da shi da kanta. Na je na gan ta, Baba. Wuyan hannunta ya koma kamar karan dawa. Na yi mata wasan da muka saba, na ce amarya ta tsufa zan ƙaro wata, ko kallona ba ta yi ba. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na rasa uba a farkon damina, ga shi ina kallon wadda ta raine ni tana shirin bin sa saboda birkin mota. Na san magana ba za ta dawo da ita ba. In ba motar nan ce ta tsaya shiru a gabanta ba, Iya ba za ta ci abinci ba.

A tasha kowa ya zama malami. Wannan ya ce tayoyi ne suka kumbura, wancan ya ce alaimen, wato saitin ƙafa, wani ya ce tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, wani ma ya ja ni gefe ya ce in nemi mai addu'a ya tofa mata. Da na bi ta tasu da na canza rabin motar. Sai na tuna yadda kake yi. Ba ka taɓa zaunar da ni ka koya mini gyara ba. Ɗan fari ne ni, kunya ba ta barin ka ko sunana ka kama. Sai dai in na zo hutu na tsaya kusa, ka riƙa yi wa motar magana da ƙarfi, kana tambayar ta yaushe take ciwon, kuma a ina, kai da kanka kana ba da amsa. A lokacin na ɗauka haka direbobi suke, sai da na girma na gane da wa kake.

Na fita da ita da safe hanyar bayan gari inda ba mutane, na yi mata tambayoyinka. Yaushe? Na sake ta ta yi gudu ban taɓa birki ba, ba ta ce komai ba. To ba taya ba ce, don taya in ta lalace ba ta jiran a taka birki. A ina? Na lura a sitiyari rawar take fitowa, ba a kujera ba, ka kuwa sha gaya wa motar cewa ciwon gaba a hannu ake jin sa, ciwon baya a mazauni. Don in tabbatar, na rage gudu na ɗan ja hambirki a hankali, wanda ƙafafun baya kaɗai yake kamawa. Ta rage gudu sumul. Na ce to madalla, ciwon a gaba yake.

Na dawo gindin bedin na sa jak na ɗaga ƙafar gaba, na juya tayar da hannu na kasa kunne. Tana juyawa sakayau, sai in ta zo wani wuri ta ɗan cije, ta wuce, ta zagayo ta sake cijewa a wurin. Na kwance tayar. Faifan birkin, wanda makanikai ke ce wa dis, ya yi jajawur da tsatsa, duk ya yi ƙuraje. Amma a wuri ɗaya akwai tambari mai siffar fad, wato 'yan ƙarafan nan biyu masu matse faifan in an taka birki. Tambarin ya fito raɗau, gefe da gefe, ciki da waje. Nan ne fad ɗin ya zauna ya rufe tun ranar da ka ajiye motar. Ruwa ya ci ko'ina ya bar wurin daban, sai bakin tambarin da tsatsa ta taru ta yi tudu. Duk zagayen da faifan zai yi sai fad ya yi tuntuɓe da wurin, shi ne abin da ke turo mini ƙafa. Ɗaya ƙafar ma haka na same ta.

Na daɗe a tsugune ina kallon tambarin nan. Takunka na ƙarshe ne ya ajiye fad ɗin a daidai wurin. Kanka na sara, idonka na rufewa, amma sai da ka kawo ta har gindin bishiyarta ka tsayar da ita daidai. Me ya sa ba ka tsaya a asibitin hanya ba, Baba? Me ya sa ba ka kira ni na zo na karɓe ka ba?

Na sa samfefa na goge iyakar ƙarfina, na fita na yi ta taka birki daga gudu don fad ya share sauran. Rawar ta ragu, amma ba ta tafi ba, kuma na san hannun Iya zai ji abin da ya rage ko da ƙanƙani ne. Sai na kama hanyar Dandume a hankali na nufi Sabuwa wurin makanikenka Baba Bitrus.

Taubashin naka yana nan yadda ka bar shi, da tsohuwar rigar aikinsa da gicciyensa a wuya, garejin nan ƙarƙashin mangwaro. Da ya hango motar ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya kamar an dasa shi, sai da na fito ya sauke numfashi. Ban gama bayani ba ya fara zagin ka. Wai bawansa ya tafi bai yi sallama ba, ya bar masa gyara. Ya kwance ƙafar, ya sami sufana mai bakin da ya yi daidai da kaurin faifan, ya zura a gefensa ya riƙa zagayawa da ita. A wani wuri ta wuce salin-alin, a wurin tambarin ta cije. Ya sa ni na gwada da hannuna don in ji. Sannan ya ɗaure alli a jikin ƙarfe ya matso da shi dab da fuskar faifan, ya juya, allin ya shafi gefe ɗaya ya bar sauran. Ya ce ga amsarka nan, faifan ba kaurinsa ɗaya ba, kuma ba ya tafiya a miƙe.

Na tambaye shi ko a kai Funtuwa a sassaƙe fuskar a injin. Ya yi dariya ya ce ai ubanka marowaci ya riga ya sassaƙe su tun bara waccan, in aka ƙara za su koma faifan rufe ƙwarya, zafi kaɗan su lanƙwashe. Dole sai sababbi, kuma duka biyu, da sabon fad, don in aka sa tsohon fad a kan sabon faifai zai koya masa tsohon hali. Ya ƙare zagin ya zauna a kan taya, ya ce mini tun da ka tafi ya rasa wanda zai zaga, bakinsa har ɗaci yake yi. Ya ce yana kewarka ƙwarai, bai ɓoye ba.

Muna jiran a kawo kayan ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce duk lokacin da za ka je Tafoki ɗauko ni hutu, sai ka biyo ta Sabuwa tukuna ka sa shi ya duba birki, ko da kuwa kwanan nan aka duba. In ya yi ƙorafi ka ce masa angon Iya za ka ɗauko, ba buhun masara ba. Baba, shekaru nawa na yi ina zaune a bayan motar nan ina kallon ƙeyarka, ina cewa a raina mutumin nan bai damu da ni ba? Kana wasa da Rabi, kana ɗaga Zulai sama, ni ko ido ba ma haɗawa. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, amma sanin bai hana yaro jin ciwo ba. Ban taɓa gaya maka na ji ciwon ba, ban kuma taɓa gaya maka cewa duk da haka babu wanda nake so in zama kamarsa sai kai ba. Ina ƙaunarka, Baba. Da kana raye da bakina ba zai iya furta wannan ba, kai ma da ka tashi ka bar wurin.

Aikin bai ba mu wahala ba. Baba Bitrus ya sa ni na kankare mazaunin faifan da burushin waya har ya yi ƙyalli, ya ce ƙwayar tsatsa ɗaya in ta maƙale a bayan sabon faifai sai ya zauna a karkace, rawar ta dawo. Kalifa, wato gidan da ke riƙe fad ɗin, ƙusarsa ɗaya ta ƙage ba ta zamewa, muka ciro ta muka wanke muka shafa mata giris. Da muka mayar da taya ya hana ni bin notocinta a jere. Ya ce in ɗaura wannan in tsallaka na gabansa, kaɗan-kaɗan, da hannu, kada in hau kan wilsifana, sufanar ɗaure taya, in yi tsalle yadda masu faci ke yi, don ɗaurin da ya fi ƙarfi a gefe ɗaya ma yana karkatar da faifai. Kafin in motsa ya sa na yi ta taka birkin har ya yi tauri. Sannan muka fita tare, in ɗan yi gudu in rage a hankali, in sake, ba tare da na tsaya cak na danne ba, har fad da faifai suka saba da juna. Ya gargaɗe ni kada in faɗa ruwan rafi da faifai mai zafi, kuma in za a sake ajiye mota ta daɗe, a riƙa ɗan gusa ta, a bar tayoyinta su sha iska ba ruwa ba. Tsohon faifan ɗaya ya jefa cikin tarin ƙarafansa, ɗayan na roƙe shi na sa a buhu.

A hanyar dawowa birki ya kama lumui, shiru kamar ba a taka ba. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi. Amma bari in gaya maka gaskiya, sai na ji motar ta yi mini faɗi. Ni na san mamaci ba ya dawowa ya shiga ƙarfe, na yi karatun da ya hana ni yarda da haka. Duk da haka, kwanakin da abin nan ke turo mini tafin ƙafa, ji nake kamar ba ni kaɗai ba ne a gaban motar. Ban gaya wa kowa wannan ba sai kai.

Washegari na tafi Tafoki. Na tarar da Iya kwance a tabarma bakin rumbu, Gwaggo Lami na gefe da kofin kunun da ya huce. Ban yi mata dogon bayani ba. Na ciro faifan na ɗora mata a cinya. Idonta ba ya gani sosai yanzu, sai ta bi shi da yatsu, ta zagaya ƙurajen tsatsar, ta zo kan tambarin ta tsaya, ta koma ta sake zuwa. Na ce mata nan ne ƙarfe ya rufe, sauran kuma ruwan damina ne da ruwan wankin jikokinta. Ta ce wato kamar fartanyar da aka manta a gona, inda ƙasa ta rufe daban, inda ruwa ya daka daban. Na ce haka ne. Ta ce jikokin nan nata dama tun da can ba su da hankali. Gwaggo Lami ta dube ni, don rabon Iya da zagin wani tun ranar da ta dawo daga Kankara.

Amma ta ce ƙarfe ƙarfe ne, ita sai ta ji da hannunta. Muka tallafe ta muka sa ta a gaba, Gwaggo Lami a baya. Tun kafin in tayar ta ɗora tafinta a dashbod. Na taka birki a bakin gari, shiru. Na taka a gangaren Daudawa, shiru. A Sheme wani ɗan acaɓa ya gitta mini na taka da ƙarfi har Gwaggo ta yi salati, motar ta tsaya cak ba ta ko girgiza ba. Duk tsawon hanyar hannun Iya bai sauka ba. Ni kuwa ban san abin da hannun yake gaya mata ba.

Da muka shigo Kankara na nufi gida, sai ta ce a'a, in kai ta inda aka sa ka. Na juya. Rana ta ɗan karkata, ba kowa a wurin sai awaki a bakin katanga. Tun daga nesa na saki totur na bar motar ta gangara da kanta, sannan na ɗora ƙafa a hankali, yadda kake yi in ka ɗauko mai ciki. Ta tafi, ta tafi, ta tsaya daidai ƙofar maƙabartar, ko ruwa ne a kofi ba zai zube ba. Na kashe injin.

Iya ba ta fita ba. Ta bar hannunta a wurin tana jira, mu ma muna jira. Can ta ɗauke hannun ta mayar cinyarta, ta ce ashe ya kwanta. Ta ƙara cewa ashe da gaske ya tafi. Sai kuka, Baba. Kukan da ba ta yi ba ranar da ta zo gaisuwa, ba ta yi ba ranar sadakar bakwai, shi ta yi a kujerar gaban motarka, tana kiran Nomau, tana cewa ya yi barcinsa, nan ma ƙasa ce, ita ta haƙura. Ni da Gwaggo Lami muka taya ta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, ban kuma yi ƙoƙarin rarrashin ta ba, don na ga kukan nan magani ne.

Da muka isa gida Inna ta riga ta sauke tuwon sabuwar masara da miyar kuɓewa. Ba wanda ya ce wa Iya ta ci, tsoro muke ji. Ita da kanta ta jawo kwanon, ta wanke hannu, ta kai loma. Ta kai ta biyu. Ta ɗago ta ce miyar ba gishiri, a miƙo mata. Inna ta tashi da sauri har zanenta na kamawa a ƙofa, tana dariya tana share ido. Iya ta cinye malmalarta tas, ta ce a ajiye mata ɗumame.

Tana nan wurinmu yanzu, ta ce sai ta ƙara ƙiba za ta koma. Ga ta can a tsakar gida ina jiyo muryarta tana yi wa Rabi faɗa.

To Baba, labarin ke nan. Uwarka ta ci abinci, ta kuma sallame ka. Ni ma bari in sallame ka haka, duk da ban so ba. Ka kwanta, ba abin da ya rage a tsaye. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa in tamu ta zo mu cika da kyau mu same ka.

Sai mun zo.

Ɗanka na fari,
Haruna, daga gindin bedi, Kankara.